Layar da Ke Wuyan Mufida

Kwana tara da rasuwar Abdulfatah, wansa Ya'u ya ɗaga labulen ɗakin matar mamacin, sallamarsa na biye da shi a baya. Ya tsaya yana ƙare wa kayan ɗakin kallo kamar dillalin da aka kira ya yi wa gida kuɗi.

"Ina wayarshi?"

Zaituna na zaune bakin katifa cikin hijabin takaba. Ba ta ɗago kai ba. "Tana ƙarƙashin matashi, Yaya."

"Miƙo nan. Dukiyar marainiya ce, ba a barin ta hannun mace."

Kalmar da Ya'u ya tsinta ke nan tun a maƙabarta, ya kuma riƙe ta gam: dukiyar marainiya. Da ita ya karɓi makullin babur ranar sadakar uku. Da ita ya je Magama, bakin iyakar Nijar, inda ƙanensa ke zaman canjin kuɗi kusa da shingen kwastan, ya kwashe naira da sefar da ke aljihun tebur, ba shaida. Da ita yanzu ya zura wayar a aljihu, ya haɗa da ta Zaituna, wai mai takaba ba ta da buƙatar jin muryar maza. Marainiyar da ake wannan hidima dominta kuwa tana kwance bayan uwarta, 'yar shekara takwas, siririya, idanunta da ɗan rawaya irin na masu sikila. Ya'u bai dube ta ba. Ba ta cikin kayan da ya zo gani.

Da ya fita, Zaituna ta kai hannu wuyan yarinyar, ta laluba 'yar layar jar fata da ke ƙarƙashin riga. Tana nan.

Ba laya ba ce. Tun lokacin da takardar naira ta yi wuya, Abdulfatah ya koyi mu'amala da kuɗin nan na waya da ake ce wa kirifto, ya riƙa tara abin da ya samu a can. Wata Juma'a, bayan an sallamo Mufida daga ƙarin jini na huɗu, ya zaunar da Zaituna ya nuna mata wata 'yar takarda da ya rubuta da biro.

"Duba nan, Maman Mufida. Kalmomi ne goma sha biyu na Turanci. Su ne makullin asusun. Na goge su daga waya, don waya ana sacewa, ana kuma yi mata kutse. Yanzu nan kaɗai suke."

"A wannan 'yar takarda? Ko ƙullin gishiri ba za ta yi ba."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Ki saurare ni. Duk wanda ya riƙe kalmomin nan shi ke da kuɗin. Babu banki, babu manajan da za a je a roƙa. In sun ɓace, sun ɓace. Na Mufida ne, na jininta da maganinta. Kyauta na ba ta gaban Sadiq, ba gado ba ne. In wani abu ya same ni, Sadiq kaɗai za ki nuna mawa, shi ya san yadda ake fitarwa. Kar ki nuna ma kowa gidan nan. Kowa na ce maki."

Washegari ya kai wa baduku takardar a naɗe, aka ɗinke ta cikin fata. Ya ce a shingen hanya ana lalube aljihu, ana bincikar waya, amma bai taɓa ganin jandarma ko ɗan sandan da ya farke layar yarinya ba. Gara ba ta ci, ruwa ba ya shiga. Don kuma takarda takarda ce, sai ya mayar da kalmomin waƙa ya koya wa Mufida, yana tafa mata hannu, tana jero su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ba ta san makulli take rerawa ba, wasanta ne da babanta. Zaituna, da ba ta yi boko ba, ta iya amon waƙar, amma kalmomin sun ƙi zama mata a baki.

Sadiq ɗin nan abokin cinikin marigayi ne, mutumin Maraɗi. Iyaka kuma a rufe take tun juyin mulkin da aka yi a Nijar. Can ma uwar Zaituna take, a wani ƙauye bayan Ɗan Isa. Duk wanda zai tsaya mata yana ƙetaren shinge.

Duk da haka Sadiq ya zo. A mako na uku ya biyo hanyar daji a bayan babur, ya iso ƙofar gida da taɓo har gwiwa. Zaituna ta ji muryarsa daga tsakar gida.

"Ko daga bayan labule ne, Malam Ya'u, in yi mata gaisuwa. Akwai saƙon marigayi."

"Bayan labule? Kai muharraminta ne? Mu gidan nan ba mu wasa da addini. In saƙo ne, ba ni. Ni ne uban marainiya yanzu."

Sadiq ya ce gaisuwa ce kawai, ya juya. Ya'u ya shigo yana shafa gemun da ya fara tarawa bara, lokacin da ya lura masu gemu sun fi samun sauƙi a shingen hanya.

A wannan makon maganin Mufida na kullum ya ƙare. Zaituna ta aika da kwalbar wurin Inna, uwar mijinta, tsohuwar da ke ɗakin kusa da zaure. Inna ta juya kwalbar a hannu.

"Ke ma dai, Zaituna. Ya'u shi kaɗai ne yanzu, baki nawa yake ciyarwa? Ki jiƙa mata sabara. Mu da muka tashi ba mu san wata sikila ba."

"Inna, likita ya ce kar a tsallake ko kwana ɗaya."

"Likita Allah ne?"

Damina ta yi nauyi a wannan shekara. Sanyin ƙasa ya riƙa shiga ƙasusuwan yarinyar. Ciwon kan fara daga yatsu, ya hau gwiwa, ya zauna a baya, ta riƙa murƙususu tana cizon gefen zane don kar a ce tana damun mutane. In ya lafa, sai ta jingina da bango ta yi waƙar babanta a hankali, tana tafa wa kanta hannu.

Ran nan Ya'u ya fito daga banɗaki da buta ya ji ta.

"Ke! Mi kike cewa?"

"Waƙar Abba ce, Baba Ya'u."

"Waƙar arna gidan makoki? Ubanki na kabari yana neman addu'a, ke kina mashi Turanci?" Ya ranƙwashe ta a ka, ya nuna ta da bakin buta. "Na rantse, in na sake ji sai na fasa maki baki. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Mi na ce?"

"In na sake za ka fasa mani baki."

Daga ranar Mufida ba ta sake yi ba. Zaituna ta so ta ce mata ta riƙa yi a zuci, amma ta ga yadda yarinyar ke zabura in ta ji takun Ya'u, sai ta ƙyale ta.

Cikin wata na biyu Ya'u ya kai wayar marigayi wurin Sadisu mai gyaran waya a bakin kasuwar Jibiya, aka buɗe ta. Ya dawo da azahar, ko takalmi bai cire ba ya faɗo ɗakin.

"Ashe munafuka nake ciyarwa! Sadisu ya nuna mani da idona. Akwai asusu, akwai kuɗi, ga su ana gani, amma ba su taɓuwa sai da wasu kalmomi. Ya ce masu irin wannan a takarda suke rubutawa su ɓoye. Ina takardar?"

"Ni da ban iya karatu ba, Yaya?"

"Ban tambaye ki karatu ba. Ina takardar?"

Ya zazzage akwatinta a tsakar gida gaban matarsa da Inna. Ya farke katifa. Ya kwance murfin rediyo, ya leƙa cikin tukunyar turaren wuta, ya kakkaɓe Alƙur'anin marigayi shafi-shafi, wanda rabonsa da buɗe irinsa tun yana makarantar allo. Duk wata takarda da ya samu ya kai wa Sadisu: katin asibiti, rasiɗin taki, har takardar da aka ƙunso ƙosai. Mufida na zaune gefe, layar na lilo a ƙirjinta, ya tsallake ta ya fi sau goma.

Da bincike ya ƙi, sai ya sauya murya. Ya zo da yamma ya tsuguna bakin ƙofa kamar mutumin kirki.

"Maman Mufida, ni fa don ɗiyar nan nake yi. Jinina ce. Kin ga yadda ta koma. Ga shi babu ko sisi a hannuna. Ki kawo 'yan kunnenki na zinari in sayar, jibi in kai ta Katsina a duba ta sosai."

Zaituna ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta ta ba shi. Jibi ta zo, ya ce hanya ba lafiya. Mako ya zagayo, ya ce babu mai. Yana faɗin haka jarkokin fetur goma sha wani abu na jere a zaure, waɗanda yake ɗaurawa a babur ɗin marigayi ya bi da su ta daji ya sayar a ƙetare. Warinsu har ɗakinta. Bayan kwana goma sabuwar ƙofar ƙarfe ta bayyana a ɗakin Ya'u, mai fenti kore.

Wannan ƙofa ce ta rufe wa Zaituna baki. Sau da yawa, in yarinyar na kuka, takan kai hannu ga layar da niyyar ta cire ta miƙa mashi a huta. Sai ta dubi koren fentin. In ya karɓi 'yan kunne ya yi ƙofa, in ya karɓi makulli mi zai yi? Ta riƙa ƙirga kwanakin takaba da ƙwayar masara a cikin gwangwani. Wata huɗu da kwana goma. In ta fita, ko da rarrafe za ta kai yarinyar wurin Sadiq.

Maƙwabciyarsu Salmatu takan leƙo ta kan katanga in ta ga babur ba ya nan, ta miƙo koko ko ɗan farfesu.

"Ke Zaituna, wai mi kike jira? Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce mai takaba na iya fita in lalura ta kama. Asibiti ai lalura ce. Addini bai ce ki zauna ɗiya ta mutu a hannunki ba."

Zaituna ta kai wa Ya'u maganar, a durƙushe.

"Wane malami? Malamin mata?" Ya tofar da asuwaki. "Ga ƙofa nan. Amma ki sani, in kika taka zauren nan kafin ki gama idda, kin fita ke nan. Ɗiya kuwa tamu ce, nan za ki bar ta. In gani wane alƙali zai ba macen da ta yi yawo cikin takaba riƙon marainiya."

Ba ta san ko gaskiya ne ba. Ba ta da wanda za ta tambaya, ba ta da kuɗin mota, ba ta da kuɗin kati. Ta koma ɗaki. Tun daga ranar in zai fita sai ya sa kwaɗo a ƙofar zaure, ya ce saboda ɓarayin fetur.

Inna kuwa, in Mufida ta yi ihu, sai ta ƙara wa rediyonta murya. In Zaituna ta yi magana, ta ce, "Haƙuri za ki yi. Namiji ne, shi ya san abin da ya dace. Ke ma da kin fito mashi da takardar nan da duk an wuce wurin."

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, ƙwayar masara ta kai tamanin da bakwai a gwangwani. Mufida ta daina tashi zaune. Tafin hannunta ya yi fari fat, cikinta ya kumbura ta gefen hagu, numfashinta ya koma gajere kamar na wadda ta yi gudu. Zaituna ta san wannan alama, ta gan ta sau huɗu. Jini ne ya ƙare. Da can in haka ta faru, Abdulfatah ko hula ba ya tsayawa ɗauka.

Da safiyar wata Talata ta yanke shawarar miƙa wa Ya'u layar. Saura kwana arba'in da uku, yarinyar kuma ba ta da kwana uku. Ya ci kuɗin, ya yi ƙofa goma, in dai zai kai ta asibiti tukuna. Ta shimfiɗa wa Mufida tabarma a hantsi kusa da murhu, inda matar Ya'u ke dama koko, ta tsaya jiran ya fito.

Ya fito a fusace. Jiya kwastan sun kama mashi jarka shida.

"Yaya, ina da magana."

"Kullum kina da magana."

"Yaya, don Allah ka dubi yarinyar nan."

Ya duba. Karo na farko cikin wata uku ya dube ta da kyau. Rigar ta zame daga kafaɗarta saboda rama, jar fatar na kwance a kan ƙasusuwan ƙirjinta. Fuskar Ya'u ta washe, irin ta wanda ya daɗe yana neman inda zai sauke haushi.

"Mi ne ne wannan? Laya? Laya a gidana?" Ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Jama'a ku zo ku gani! Ana cewa na ƙi kai ta asibiti, ashe shirka aka rataya mata! Ta ina za ta warke? Ta ina arziki zai zauna gidan nan? Shi ya sa kayana ke ta kamuwa!"

"Yaya, tsaya, ita ce maganar da..."

"Rufe mani baki, mushirika!"

Ya fizge igiyar har kan yarinyar ya ɗago ya koma. Zaituna ta riƙe mashi hannun riga, ya ture ta ta faɗi kan turmi. Ya ɗaga layar sama, ya juya ta don Salmatu da sauran matan da suka leƙo ta katanga su gani, ya yi kabbara, ya cusa ta tsakiyar garwashi, ya danna da itace.

Faɗuwar ta ɗauke wa Zaituna numfashi. Kafin ta samu murya, warin fata ya cika gidan.

"Takardar ce," ta ce. "Kalmomin na ciki."

Ya'u ya tsaya da itacen a hannu. "Mi kika ce?"

"Takardar da kake nema. Ita ce ka sa a wuta."

Abin da ya biyo baya matan unguwar har yau suna ba da labarinsa. Mutumin da wata uku hannunsa bai iya ɗaukar yarinya ya ɗora a babur ba, ya durƙusa ya zura wannan hannun cikin garwashi har wuyan hannu. Ya ture tukunyar koko ta kife. Ya tono, ya yi ihu, ya sake zurawa. Ya fito da wani baƙin abu da ya nannaɗe, ya yage shi da haƙori. Takardar ta rabu biyu a yatsunsa. Rabi toka ne. A ɗaya rabin, kalmomi huɗu ake iya gani, ta biyar ta ƙone zuwa tsakiya.

"Huɗu," ya ce. "Huɗu za su yi? Ke, huɗu za su yi?"

"Ya ce sai goma sha biyu, a jere."

"Babu wata? Bai rubuta wata ba? Wane irin sakarai ne zai..."

Zaituna ta tashi zaune. Ta dubi ɗiyarta, ta dubi mutumin da ke tsalle yana hura hannu. Abu ɗaya ya rage mata a duniya da za ta sayar, ta sayar.

"Mufida ta haddace su. Waƙar nan da ka hana ta."

Ba a taɓa ganin gaggawa irin ta wannan safiya a gidan ba. Fetur ya samu. Hanya ta yi lafiya. Takaba ta daina hana fita, Ya'u da kansa ya ce, "Sa hijabi mu tafi, ai lalura ce, addini ya yarda." Bai ma yarda da babur ba, wai iska za ta bugi ɗiyarsa. Ya tare mota a bakin titi ya yi shata, ya rungumi yarinyar a ƙirji yana cewa, "Sannu uwata, sannu ɗiyar albarka." Inna ta biyo su har zaure da carbi tana kuka.

Daga ƙofar gidan zuwa asibiti, Zaituna ba ta gama salati ɗari ba suka iso.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina kuka kai ta har ta kai haka?"

"Uwar ce," in ji Ya'u. "Layu take rataya mata."

Aka ce jini, ya ce a ɗebi nasa. Aka ce bai dace da nata ba, ya fita da gudu ya dawo da mutum biyu daga tasha. Aka ce ya je a wanke mashi hannu, fatar ta fara salewa, ya ce a bar shi, ɗiyarsa ta fi hannu. Wata tsohuwa da ke jinyar jikanta a gadon kusa ta ce, "Allah sarki, irin wannan uba sai an tona."

Aka ɗaura ledar jini. Bayan la'asar Mufida ta buɗe ido. Ya'u, da tun ɗazu ya ari biro ya yago bayan kwalin magani, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa gado. Ya riƙe biron da hagu.

"Mufida. Uwata. Kin gane ni? Baba Ya'u ne. Yi mani waƙar nan taki mai daɗi. Ta Abba."

Yarinyar ta dube shi. Ta dubi hannunsa da ke kusa da fuskarta, ta ɗan janye kai.

"Yi mana, ɗiyar kirki. A hankali, ɗaya-ɗaya. In saya maki 'yar tsana. In saya maki keke."

Leɓunanta suka motsa. Ya kai kunne.

"Ka ce za ka fasa mani baki."

"Wasa nake! Wallahi wasa nake! Ke Zaituna, gaya mata wasa nake!"

Zaituna ta zagayo ta ɗaya gefen, ta ɗauki hannun ɗiyarta. Da ta ce mata ta yi, wataƙila da ta yi. Ta dubi ledar jinin, an riga an ɗaura, babu mai cirewa. Ta dubi ƙirjin yarinyar yadda yake hawa da sauka da ƙyar.

"Yi barcinki," ta ce. "Ba wanda zai sa ki waƙa."

Mufida ta lumshe ido. Ya'u ya yi ta magiya, ya yi rantsuwa, ya yi kuka da hawaye na gaske, har ma'aikatan suka fitar da shi waje. Jinin ya zo a makare. Zuciyar ta riga ta gaji. Kafin a kira magariba yarinyar ta cika, hannunta cikin na uwarta, bakinta a rufe.

A zaman makoki Ya'u ne a kan tabarmar gaba, hannu naɗe da farin bandeji, yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce wurin kawar da ɓarna ya ƙone. Inna ta ce wa mata kwana ne ya ƙare, ko Makka aka kai ta sai ta tafi. Maza suka ce Ya'u ya yi ƙoƙari, har shatar mota ya yi. Matan da suka leƙo ta katanga ranar sun san abin da suka gani, amma a tsakar gidajensu suke faɗi, su ma suna da yayyen miji.

Zaituna ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin. Sau uku Ya'u na zuwa bakin ƙofa, wai ko ta tuna wani abu daga waƙar, ko kalma biyu. A na ukun ta yi mashi amon, daga farko har ƙarshe, da baki a rufe, tana kallon idonsa. Bai sake zuwa ba. Ranar da ƙwayar masara ta cika ɗari da talatin ta yi wanka, ta ɗaura kayanta a ɗankwali ɗaya, ta sa silifas ɗin Mufida a ciki. Ba ta yi wa kowa sallama ba sai Salmatu. Ta bi masu ƙetarawa Nijar ta hanyar gona.

Hannun Ya'u ya warke a ƙanƙame, yatsu uku ba su miƙewa. Ya kai kalmominsa huɗu Katsina, ya kai Kano, ya ba wasu masu cewa sun iya fasa asusu babur ɗin marigayi, suka kashe waya. Har gobe in ka bi ta bakin kasuwar Jibiya da hantsi za ka iya ganinsa a bencin Sadisu, ya sa a buɗe mashi shafin, yana kallon lambobin da ke ciki, ba su ragu da ko ɗaya ba. Kabarin yarinyar kuwa ko a tambaye shi ba zai iya nunawa ba.

Tun ranar farko ya ce shi zai tsare dukiyar marainiya. Ya tsare ta. Babu hannun da zai sake taɓa ta har tashin ƙiyama.